Masaukin da muka sauka a Shela, tsibirin Lamu: gida ya yi, abinci ya yi, jirgin ruwan ne sai a hankali

Ga masu ta tambayata wai ya wajen yake, kuma wai ba hatsari, toh ga amsa a dunƙule: masaukin ya yi, zan iya komawa, zan kuma iya tura ɗan uwana da iyalinsa ba tare da zuciyata tana dukan uku-uku ba. Amma akwai abubuwa biyu da sai mutum ya buɗe ido, kuma duk cikinsu ba wanda ya shafi abun da kuke tsoro, wato matsalar tsaro.

Lamu dai tsibiri ne a arewacin gaɓar tekun Kenya, can ta wajen iyakar Somaliya. Shela kuma ƙauye ne a cikin tsibirin, kaman kilomita 3 daga tsohon garin Lamu wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Jirgin sama ba ya sauka a Lamu ɗin kanta, a tsibirin Manda yake sauka, kana fitowa daga filin jirgin ka ɗan taka kaɗan sai ka ga ruwa a gabanka, daga nan sai jirgin ruwa. Masaukin ne suka turo mana nasu ya ɗauke mu, kuma wannan na yaba musu, don in ba haka ba samarin da ke bakin gaɓar nan kowa jan jakarka yake yana ce maka shi aka turo.

Gidan ba otal ba ne irin na masu kuɗi, gidan wasu mutanen garin ne da suka gyara saman benen suna saukar baƙi, su kuma suna zaune a ƙasa. Wata dattijuwa ce ke riƙe da komai, kowa Mama yake ce mata nima na bi sahu, ɗanta ne ke kula da kuɗi da waya da harkar jirgi. Gidan ba a bakin teku yake ba, sai ka shiga lungu ka yi kwana ka sake kwana, kuma lungunan nan in jaki ya taho da buhunan siminti dole ka manne da bango ya wuce. Mota babu. Jaki ne motar ɗaukar kaya, shi ne tasi, har asibitin jakuna gare su a cikin garin Lamu tun 1987. Yan acaɓa sun fara shigowa ta bakin ruwa tsakanin gari da Shela, dattawan wajen kuma ba son abun suke ba, amma cikin lungun ƙauyen dai har yanzu ƙafa ce da jaki. Wanda baya son warin kashin jaki gara ya sani tun daga gida, ana sharewa da safe amma jaki baya jiran mai shara.

Ɗakin kuwa ya burge ni. Ginin na dutsen murjani ne da ake haƙowa, an shafe shi da farar ƙasa sumul, bangon yana da kauri sosai shi yasa ko rana ta take cikin ɗakin da sanyi-sanyi. Dogo ne amma ba faɗi, na tambayi yaron gidan dalili yace azarar da ake rufi da ita daga itatuwan nan ne masu tsirowa cikin ruwan gishiri, tsawonsu yana da iyaka, toh iya tsawon azara iya faɗin ɗaki, duk tsoffin gidajen garin haka suke. Gadon katako ne mai tsayi wanda sai ka ɗan yi tsalle, da gidan sauro da ba huji ko ɗaya (na duba, don sauron wajen ba wasa yake ba bayan magariba). Fanka ce ba AC, kuma gaskiya ban nemi AC ɗin ba saboda iskar teku na shigowa ta taga. A jikin bango an sassaƙa wasu ƙananan ramuka jere-jere masu ado inda matan da suke jera tangaran ɗinsu da Alƙur'ani, madam ta fi awa tana ɗaukar hotonsu. Can sama kuma akwai rumfa da aka rufa da ganyen kwakwa, da katifu da matasan kai, nan muke cin abinci, kana hango jiragen katako masu tafiya da iska suna wucewa tsakanin Shela da Manda.

Wani abu da na gani a banɗakin ƙasa, na tsohon ginin, wanda ban taɓa gani ba: wani kwarmin ajiye ruwa ne da aka gina jikin bango, na leƙa sai na ga ƙananan kifaye biyu suna yawo a ciki. Na ɗauka yara ne suka zuba. Mama tace a'a, da gangan ne, su ke cinye ƙwan sauro da tsutsarsa kafin su tashi, haka iyayensu suke yi tun da can.

Inda suka gaza a ɗakin shi ne ruwa da intanet. Shawa ɗin ruwan a hankali yake zuba kaman yana jin kunya, wani lokacin ma sai an kunna famfo ya hau tanki tukunna, ruwan zafi kuma sai in rana ta yi don na sola ne. Ban yi musu faɗa sosai ba da na fahimci yadda ruwan yake a tsibirin. Duk ruwan daɗin da Lamu ke sha daga ƙarƙashin tuddan yashin da ke bayan Shela yake fitowa, ruwan sama ne yashin ke riƙewa, an haƙa rijiyoyi a wajen ana turawa gari. In aka ja da yawa ruwan gishiri ya shigo. Toh ka ga mai gidan da ya gina wajen ninƙaya a gidan hutunsa da mai jaki duk rijiya ɗaya suke sha. Wifi kuwa suna ne kawai, a saman rumfa yake kamawa shima sai ya ga dama, na sayi layin Safaricom na huta, kuma dama kana buƙatarsa saboda M-Pesa, tsarinsu na biyan kuɗi ta waya, kusan komai da shi ake biya har mai sayar da kifi. Wuta ana ɗaukewa jefi-jefi, basu da janareta, fitilun caji suke rabawa.

Abinci kam ba magana. Da safe wani soyayyen burodi mai kusurwa uku da suke kira mahamri, da wake da aka dafa cikin madarar kwakwa, da shayi mai citta da kanumfari, da mangwaro ko gwanda. Na rana da na dare sai ka faɗa tun da safe, don ba firji suke buɗewa su ɗauko ba, masunta ne ke zuwa ƙofar gida da abun da suka kamo, a gabanka ake ciniki. Akwai ranar da wani ya shigo da ƙaton kifi ja yana riƙe da shi ta baki, Mama ta ɗaga kunnen kifin ta leƙa, ta danna cikinsa da yatsa, ta girgiza kai tace na jiya ne, mutumin ko musu bai yi ba ya juya. Wanda ta saya daga baya ta gasa shi a gawayi ta shafe shi da miyar kwakwa da tsamiya da barkono, aka kawo da shinkafar kwakwa, wallahi har ƙashin na tsotse. Yajinsu dai bai kai namu ba, in kai mai son ya ratsa ka ne ka taho da naka. Wanda kuma baya cin kifi zai ɗan sha wuya, akwai naman akuya da kaza amma sai an aika gari. Maganar halal ba ta taso ba, garin musulmi ne gaba da baya.

Wannan ɓangaren ma shi ya fi kwantar min da hankali. Kiran sallah ta ko'ina, masallacin Juma'ar Shela mai doguwar hasumiya kaman tulu an gina shi tun 1829 kuma har yau ana sallah a ciki. Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba kuma a ɗaga hannu a yi ƙunuti bayan ruku'u, kar ka rikice ka bi liman kawai. Maza da farar jallabiya da hula mai aikin hannu ko zani irin nasu, mata da baƙin hijabi. A cikin gari akwai masallacin Riyadha da Habib Swaleh ya kafa, malamin da ya rasu a 1935, shi ne cibiyar babban Maulidin da ake yi a ƙarshen Rabi'ul Awwal wanda mutane ke zuwa daga ƙasashen gabashin Afirka da dama. In lokacin za ka je ka kama ɗaki da wuri, haka ma lokacin bikin al'adunsu na wajen Nuwamba da ake tseren jakuna da na jirage. Turawa suna nan da yawa a Shela, akwai otal ɗin Peponi da wasu yan Denmark suka buɗe tun 1967 inda suke taruwa da yamma, can ake shan abun da ake sha, amma cikin ƙauye yawancinsu suna rufe jiki, an ma rubuta a bango ana roƙon haka.

Toh maganar tsaro, wadda ita ce kowa ke min waya a kai. Tsoron ba daga sama ya faɗo ba. A Satumbar 2011 yan bindiga daga Somaliya suka shiga wani wajen hutu a Kiwayu can arewa, suka kashe wani Bature ɗan Ingila suka tafi da matarsa, bayan yan makonni aka sace wata Bafaranshiya daga gidanta a Manda, daura da Shela, ta rasu a hannunsu. A watan Oktoban shekarar ne Kenya ta tura sojoji cikin Somaliya. A Yunin 2014 aka kai hari garin Mpeketoni da ke yankin Lamu aka kashe mutum sama da 60, aka saka dokar hana fita, baƙi suka ɗauke ƙafa, yaron gidan yace lokacin nan har kayan ɗaki wasu suka sayar don su ci abinci. A Janairun 2020 kuma al-Shabab suka afka wa sansanin soja na Manda Bay suka kashe Amurkawa 3. Duk gaskiya ne. Amma ka duba taswira: Mpeketoni da dajin Boni, inda yan al-Shabab ke ɓuya, da sansanin nan duk a tudu suke, ba cikin tsibirin ba. Ita kanta gwamnatin Ingila da take gargaɗin mutanenta kan yankin Lamu ta cire tsibirin Lamu da na Manda daga ciki. Hanyar mota daga Malindi ta Garsen da Witu zuwa Mokowe ita ce inda ake tare motoci lokaci-lokaci, an zuba mata kwalta ta yi kyau, bas ma ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ni ba zan ce wa kowa ya bi ta da iyali ba. Ka hau jirgin sama daga Nairobi ko Mombasa ko Malindi, ka sauka Manda, shikenan.

A cikin ƙauyen kuwa mun yi yawo bayan isha'i ni da madam ba wanda ya ce mana kanzil. Kowa ya san kowa, baƙo kuma an san gidan da ya sauka tun ranar da ya zo, in ka ɓata a lungu yaro ƙarami zai kai ka har ƙofa. Ɓarawo ma in ya sata ina zai gudu, sai ya nemi jirgi, matuƙan kuma duk yan gari ne. Ɗakinmu kwaɗo ne ɗan ƙarami a jiki, ba akwatin ajiyar kuɗi, fasfo ɗinmu Mama muka ba ta kulle a durowarta. Abun da suka gargaɗe mu kawai shi ne bakin tekun, yashi ne fari tsawon kilomita 12 ba gida ba kowa, kar mutum ya yi nisa shi kaɗai da waya a hannu, musamman mace, musamman da yamma. Samari masu tallan yawon jirgi suna da naci amma in kace a'a sau biyu da fara'a suna ƙyale ka.

Abun da ya ɓata min rai na farko jirgin ruwan ne, kuma saboda shi ne ba zan ba su cikakken maki ba. Sun haɗa mu da wani matuƙi zai kai mu Matondoni, ƙauyen da ke yammacin tsibirin inda ake sassaƙa jiragen katako da hannu, mata kuma na saƙa tabarmi da kwanduna da kaba. Wajen ya cancanci zuwa, na tsaya ina kallon wani dattijo yana cusa auduga da aka jiƙa da mai a tsakanin katakai da ɗan kurfi da guduma, ba zane a takarda ba komai, duk awon yana kansa. Amma jirgin da muka shiga mutum ya fi goma, rigar kariya daga nutsewa guda uku ce, su ma an cusa su ƙarƙashin benci ɗaya igiyarta ta tsinke. Na ce masa malam ina sauran? Ya yi dariya yace shi a ruwan nan aka haife shi. Na ce kai aka haifa a ciki, ni a tudu aka haife ni. Sai da na ce mun fasa sannan ya aika yaro ya aro daga wani jirgin. Mu da muke jin labarin kifewar jirage a Kebbi da Neja duk damina bai kamata a ce sai an yi mana wa'azi a kan wannan ba. Da muka dawo na faɗa wa ɗan Mama, ya ba da haƙuri, washegari wani matuƙin ya kawo mai kaya cikakku, wanda ke nuna akwai su, tambaya ce ba a yi. Ka ga rigar da idonka kafin ka saka ƙafa, kar ka yarda da jirgin dare in ba fitila, kar kuma ka shiga wanda aka cika maƙil don an ce maka kusa ne.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Daga wajen Mayu zuwa Agusta iskar kudu ke kaɗawa, teku na hauka, ruwan ya yi jaja-jaja, wasu masaukan ma rufewa suke. Daga Disamba zuwa Maris ruwa a kwance yake garau amma kuɗin ɗaki na tashi sosai, ƙarshen shekara kam sai mai hali. Sannan komai da cikar teku da janyewarta ake yi, kufan Takwa da ke Manda, garin da mutanensa suka watse tun ƙarni na 17, sai ruwa ya cika ake iya shiga ta ƴar siririyar hanyar da ke cikin itatuwa, in kuka yi nawa ku kwana can. In matuƙi ya faɗa maka lokaci ka sa ya nuna maka a agogon waya, don su lissafin awa daga fitowar rana suke farawa, ƙarfe ɗayansu bakwai ɗinmu ce. Babban asibiti yana cikin gari, na King Fahd, daga Shela kuma ta ruwa za a kai ka, mai ciwon da ke tashi ba sallama ya taho da maganinsa isasshe. Kuɗi ma a gari ake cirewa.

Abu na biyu da ya ɓata min rai dillalan fili ne. Ban san wa ya faɗa musu ɗan Najeriya ya sauka ba, amma kwana kaɗan wani ya fara jirana a ƙofar masauki yana ce min alhaji akwai fili a Manda bakin ruwa, takarda lafiya lau, in ban saya yau ba wani Bature zai biya gobe. Ba ma'aikacin gidan ba ne amma an bar shi yana hawowa har rumfa yana samunmu muna cin abinci, wannan bai dace ba kuma na faɗa musu. Ga mai sha'awa dai ya san wannan: tsarin mulkin Kenya na 2010 bai yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya mallaki fili har abada, haya ce ta shekara 99 iyaka, filin noma kuma yana da nasa takunkumin daban. Sannan Lamu ta yi ƙaurin suna a rikicin takardun fili, a 2014 shugaban Kenya na lokacin Uhuru Kenyatta da kansa ya ba da umarnin soke takardun kusan eka dubu 500 da kamfanoni 22 suka mallake a yankin. Tunda aka fara maganar sabuwar tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe ɓangarenta na farko a 2021, kowa ya zama mai fili. Gidajen cikin ƙauye kuma yawanci na gado ne, magada goma, ɗaya ya sayar maka tara su fito daga baya. Ba lauya mai zaman kansa, ba bincike a ofishin filaye, kar ka ba da ko sisi.

Kuma ni dai ko da kuɗin ina ganin ba zan saya ba. Turawa masu kuɗi sun saye gidajen bakin ruwan Shela tun shekaru, sun gyara su sun yi kyau ba ƙarya, sun samar wa magina da masu girki da masu gadi aiki, amma rabin shekara gidajen a kulle suke, farashi kuma ya tashi har saurayin da aka haifa a ƙauyen in zai yi aure sai ya koma can baya cikin yashi ya kafa ɗakin kaba. Mama tace an sha yi mata tayi ta ƙi, tace in ta sayar jikokinta a ina za su ce gidansu. Shi yasa ma na fi son kuɗina ya shiga irin gidanta a kan manyan gidajen da mai su yana Landan.

Kuɗin ɗakin bai kai rabin na gidajen bakin ruwa ba kuma da karin kumallo a ciki, in za ka daɗe ana ragi, ka yi ciniki ta waya kafin ka zo kuma ka sa a rubuto maka ko kuɗin ɗauko ka daga filin jirgi yana ciki. Bai dace da tsoho mai ciwon gwiwa ba, matakalar benen a tsaye take kuma ba abun riƙewa, masu ƙananan yara ma su lura da rumfar sama don katangarta gajeriya ce. Wanda aikinsa sai da intanet mai ƙarfi ya nemi wani wajen. Ma'aurata da masu son hutu ba hayaniya su je, in maki ake bayarwa na ba su huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe sai ranar da suka sayi rigunan ruwa nasu na kansu suka kuma hana dillali hawa bene.